Watannin da Gwaggo Ta Ƙi Cin Jibi

Mahaifiyata ba ta wasa da maganar hannun dama. A gidanmu na Yelwa yaro zai fasa kwano a yafe masa, amma ya miƙa wa babba abu da hagu, to ranar sai ya gane kurensa. Ni kuwa bahaguwa aka haife ni, don haka na fi kowa sanin zafin muciyarta a bayan hannu. Ta gyara ni tsaf. Har yau da dama nake cin abinci, da dama nake rubutu, sai dai in ba kowa a kusa nakan saci yankan albasa da hagu. Takan ce a ƙauyensu can kudancin Bauchi ko kare ba a jefa wa ƙashi da hagu. Ban taɓa yarda da wannan ba, amma wa ya isa ya yi musu da Mama?

Sai ga shi ita ɗin ce hawan jini ya kayar wata safiya tana shara a tsakar gida. A asibiti suka ce shanyewar ɓarin jiki ce, ɓarin dama kuwa. Magana ta dawo mata a hankali, ƙafa ma ta dawo, ko da yake tana ɗan jan ta. Hannu ne ya ƙi. Yatsun suka dunƙule suka lanƙwashe zuwa ƙirjinta, ba ya ɗaguwa sai in ta kama shi da ɗayan.

Ba abin da ba mu yi ba. Ina tashi daga makarantar da nake koyarwa sai in ɗauke ta a keke mai ƙafa uku mu je a yi mata gashin hannun a asibiti. Maƙwabciyarmu, wata dattijuwar Bafulatana da muka daɗe muna zaman amana, kullum da hantsi takan shigo da man shanu ta murza mata hannun, tana yi mata addu'a irin tasu, Mama na amsawa da amin. Matan zumunta na cocinmu suka yi ta zuwa suna waƙa a ƙofar ɗakinta har maƙwabta suka haddace waƙoƙin. Da aka yi shelar wani babban taron addu'ar warkarwa a wani fili a cikin gari, Mama da bakinta ta ce a kai ta.

Mai wa'azin ya ba da labarin mutumin nan mai shanyayyen hannu da Almasihu ya sa ya miƙa hannunsa a cikin majami'a, ya miƙa ya warke. Daga nan ya ce duk mai ciwo ya miƙa nasa. Fili ya ɗauki kuka da ihu. Na ga wani ya ɗaga sandarsa sama yana rawa, ban kuma ce ƙarya yake yi ba, Allah ne masani. Ni dai Mama nake kallo. Ta cije leɓe, jijiyar wuyanta ta fito, gumi ya jiƙa mata ɗankwali, hannu ko motsi bai yi ba. Wata mata da ke gefenmu ta sunkuyo ta ce, "Mama, ki ƙara bangaskiya." Ban san matar ba, ban sake ganinta ba, amma har yau in na tuna ta sai raina ya ɓaci. Tsohuwar da ta binne miji da 'ya'ya biyu ba ta fasa sujada ko sau ɗaya ba, ita ake cewa ta ƙara bangaskiya.

Tun daga ranar Mama ta ja gyale ta lulluɓe hannun. Abinci sai an kai mata ɗaki ta sa a ja ƙofa, don kada wani ya ga tana ci da hagu. Baƙi in sun zo ta gaishe su da baki kawai. Coci kuwa ta daina zuwa gaba ɗaya.

A cocinmu Lahadin farko na kowane wata ake cin jibin Ubangiji. Dattawan ikkilisiya kan zagaya benci benci da faranti, na gutsattsarin gurasa da na ƙananan ƙoƙuna, kowa ya miƙa hannu ya ɗauka. Wanda aka yi wa baftisma ne ke ci, kuma wanda ya yi wani babban laifi akan sa shi a ƙarƙashin horo, a hana shi ci har sai ya tuba an mayar da shi. Mama ta ɗauki wannan jibi da girma fiye da komai a rayuwarta. Da fasto ya ga shirun ya yi yawa sai ya zo gida ya ce zai riƙa kawo mata.

"Fasto, da wane hannu zan karɓa?" in ji ta. "Hannun da ba zan karɓi goro da shi daga surukina ba, da shi zan karɓi jikin Ubangiji?"

Ya ce Allah zuciya yake dubawa. Ya ce in ta yarda shi zai sa mata a baki. Ta ce ita ba jaririya ba ce. Bayan ya tafi ne ta faɗa mini abin da ke ƙasan maganar. Ta ce duk wanda ya zo wurin Almasihu a cikin Nassi ya koma da lafiya, ita ta zo ta koma yadda take. Ta ce wataƙila an auna ta ne aka ga ba ta cika ba. Wannan magana ta tsorata ni fiye da faɗuwarta a tsakar gida, don na ga ba hannu kaɗai muke shirin rasawa ba.

Nan Gwaggo ta shigo cikin zancen. Ƙanwar mahaifinmu ce, gwauruwa, tana toya masa, wato waina, a bakin titi kusa da ɗakunan hayar ɗalibai, duk Yelwa an san masarta kuma an san bakinta. Tsakaninta da Mama akwai wasan nan na matar wa da ƙanwar miji, kuma sun tsufa ba su gaji da shi ba. "Matarmu" take kiran Mama. Takan ce da akuyoyin gidansu aka auro ta, saboda haka daga kai har ƙafa dukiyarsu ce. Mama kuma ta ce akuyoyin duk guragu ne. Karatun Gwaggo a hankali yake, da yatsa take bin layi, amma abin da ta karanta ba ta sakin sa sai ta juya shi ta ko'ina kamar masa a tanda.

Wata yamma ta zo da masa da miya ta ajiye a gaban Mama. Mama ta ce a rufe, za ta ci an jima. Gwaggo ta kalle ta, ta kalli kwanon. Sai ta juyo ta ce in ɗauko Maganar Allah in karanta musu labarin kuturun da Almasihu ya taɓa, wai idonta ya gaji. Na karanta. Da na tsaya sai ta ce ban gama ba.

"Bayan ya warke, kuturun ina ya nufa?"

Na ce cikin gari, yana ta ba mutane labari.

"Shi Almasihun fa?"

Na sake dubawa. Sau nawa na karanta wurin nan tun ina yarinya, ban taɓa lura ba. An ce daga nan bai iya shiga gari a fili ba, sai ya riƙa zama a waje, wuraren da ba kowa.

"To kin ji, matarmu," in ji Gwaggo. "Musaya suka yi. Na waje ya shiga ciki, na ciki ya fita waje. Kuma ai da baki ma yana iya warkar da shi daga nesa, ya yi wa wasu haka. Me ya kai hannunsa jikin kuturu? Ya san ciwon mutumin ba a fata ya tsaya ba. Shekara nawa ba wanda ya ci kwano ɗaya da shi?"

Gwaggo kuwa in ta kama zance ba birki. Ta ce mu duba abin da yake yi bayan al'ajibin, don mutane suna tsayawa wurin tafi su manta da sauran. Yarinyar nan da ya tasar, me ya ce? A ba ta abinci. Mahaukacin da ke kwana a makabarta ya so ya bi shi, ya ce a'a, ya koma gida wurin danginsa. Matar nan mai zubar jini ta so ta saci lafiya ta sulale, ya ƙi, ya tsayar da taro har ta fito, ya kira ta 'yarsa a gaban kowa.

"Kuma duk waɗanda ya warkar ɗin, yau suna ina? Sun mutu, matarmu. Idon da ya buɗe ya sake rufewa. Ni dai yadda na gane, al'ajibin nan ɗanɗano ne. In baƙo ya tsaya gaban tandata nakan gutsura masa ya ji. Ba shi ne cin ba, amma ya san abin da ke cikin kwano. Wani ya sami ɗanɗano, wani bai samu ba, ban san dalili ba, kuma duk wanda ya ce miki ya sani ki tambaye shi yaushe suka yi shawara da Allah. Amma ba a ce wanda bai ɗanɗana ba an kore shi daga gida."

Ni maganar ta shige ni. Mama kuwa ta juyo ta ce, "Ke hannuwanki biyu lafiya lau, sai ki yi ta wa'azi. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo."

Na zaci Gwaggo za ta mayar mata, don ba a kayar da ita a baki. Sai ta gyaɗa kai kawai ta ce, "Gaskiyarki." Ta ɗauki gyalenta ta tafi.

Lahadin jibi da ya biyo baya ina zaune a bencin da ke bayan nata. Dattijo ya miƙo faranti, Gwaggo ta harɗe hannuwa a ƙirji ta sunkuyar da kai. Ya ɗan jira, ya wuce. Na ce ko ba ta jin daɗi ne. Wata mai zuwa ma haka ta yi. Wanda bai san cocinmu ba zai ga kamar ba komai, amma a wurinmu faranti ba ya wuce babba ba tare da an gani ba. Mutane idonsu a rufe yake wai suna addu'a, amma kowa ya san wanda ya ɗauka da wanda bai ɗauka ba. Kuma fassara ɗaya ce: ko an sa mutum a horo, ko yana ɓoye wani zunubi da ya hana shi miƙa hannu.

Kafin ka ce kwabo zance ya bazu. Wasu suka ce burkutu take dafawa a ɓoye. Wasu suka ce akwai wani tsohon direba da ke daɗewa a gaban tandarta, ba don masa kaɗai ba. Matar da ta yi takaba tun ina firamare, jikokinta sun fara aure. A zumunta, inda ita ce ke ba da waƙa, aka ce ta ɗan huta tukuna har a ga yadda abin yake. Wasu daga cikin matan da suka saba aiko yara sayen masa suka koma wurin wata.

Na same ta a bakin tanda na tambaye ta. Ta ci gaba da zuba ƙullu ba ta ɗago ba.

"Uwarki tana waje. In ci in bar ta?"

Na ce to ta faɗa wa mutane dalili mana, a huta da wannan ƙazamin zance.

"In na faɗa, kanta za su koma. Su ce taurin kanta ne ya jawo, su yi ta zuwa suna yi mata nasiha har su ƙarasa ta. Gara su ci namana, ni fatata da kauri. Fasto na faɗa masa, na ce ya riƙe. Ke ma ki riƙe. In kika gaya mata ban yafe ba."

Ta ce fasto bai ji daɗi ba. Ya ce mata jibin Ubangiji ba yajin aiki ba ne, ba a kuma garkuwa da shi. Ni ma a raina na ga yana da hujja, har yanzu ban ce ba shi da ita ba. Ta ce ta amsa masa cewa ba ta neman komai a wurin kowa, ta dai kasa haɗiya ne. Wannan kuwa na yarda da shi, don na san yadda take da jibin nan. Tun ranar Asabar takan wanke farin ɗankwalinta, ta bi duk wanda suka yi cacar baki a cikin watan ta nemi gafara, kuma da yake bakinta ba ya hutawa, yawon yakan yi tsawo. A watannin nan na ga ta rame. Tana ta zuwa gidanmu kamar kullum, ta tsokani Mama, ta ajiye masa, ta tafi, ko da wasa ba ta taɓa ɗaga zancen ba.

Ni ma na riƙe, amma riƙon ya yi mini nauyi. Ina ganin mace tana zubar da mutuncin da ta tara shekara da shekaru saboda wata da ba ta ma san ana yi ba. Wani lokaci in ji haushinta, wani lokaci in ji kamar in durƙusa a gabanta.

Maƙwabciyarmu ce ta fasa ƙwan, ba da niyya ba. Zancen ya riga ya tsallake coci ya shiga layin masu sayen masa. Tana murza hannun Mama sai ta ce, "Wai ni kam, me ƙanwar mijinki ta yi aka hana ta abin nan naku na coci? Ni dai ban yarda ba. Matar nan na san ta."

Mama ta ƙwala mini kira da muryar da na rabu da ji tun kafin ta kwanta. Na so in yi kwana-kwana, ta ce in dube ta. Na faɗa mata komai. Ta ce in je in kira Gwaggo yanzu, ko tanda na kan wuta.

Gwaggo ta shigo hannunta duk ƙullu. Ta harare ni, na nuna mata maƙwabciya da ido.

"Ke mahaukaciya ce?" in ji Mama. "Sunan gidanku kike ja a ƙasa? An ce kina bin maza, kina ji kika yi shiru?"

"Direban ma ai ba laifi, yana da sauran haƙora."

"Ba wasa nake yi ba."

"Ni ma ba wasa nake yi ba, matarmu. Kin ce hannuwana biyu lafiya lau, ban san abin da kike ji ba. Gaskiya ne. Ciwonki ba zan iya ɗauka ba, da ana rabawa da na karɓi rabi. Amma zaman waje ina iyawa. Ba roƙonki nake yi ba. In kin zo mu ci tare. In ba ki zo ba mu zauna a wajen tare, ai da abokin hira ko'ina gida ne."

"Fita mini daga ɗaki."

Ta fita. Mama ta yi kwanaki ba ta yi wa kowa magana mai tsawo ba, ni ma da na riƙe sirrin sai da na sha harara. Na ɗauka abin ya ƙara lalacewa ne.

Ranar Lahadin jibi ina shirin fita sai Mama ta ce in zo in ɗaura mata zani, in kafa mata ɗankwali, kada in yi mata irin ɗaurin 'yan makaranta. Ban tambaye ta komai ba, na ji tsoron kada tambaya ta sa ta fasa. Muka hau keke. A ƙofar coci na so in riƙe ta, ta ture ni. Ta bi tsakiyar coci tana jan ƙafa, an riga an fara waƙa, kawuna na juyowa, har ta isa bencin Gwaggo. Wurin kusa da Gwaggo a buɗe yake, don an daɗe ba mai son zama nan. Ta zauna. Ko kallon juna ba su yi ba.

Da lokaci ya yi, dattijo ya iso da farantin gurasa ya sauke shi daidai gabanta. Mama ta sa hagu ta kamo hannun dama ta ɗago shi. Gyalen ya zame, hannun ya fito fili, siriri, a dunƙule. Ta shiga ƙoƙarin buɗe yatsun ɗaya bayan ɗaya, tana buɗe wannan wancan na komawa. Dattijon ya tsaya cak, bencin gaba da na baya duk sun daina yin kamar idonsu a rufe yake. Ban taɓa roƙon Allah wani abu da ƙarfi irin na wannan lokacin ba. Na ce ko yatsa biyu ne, Ubangiji, ko na ɗan lokaci. Bai buɗe ba. Bai buɗe ranar ba, bai kuma buɗe ba har ta bar duniya.

Ta ajiye shi a kan cinyarta, ba ta ja gyale ta rufe ba. Ta daɗe tana kallon farantin. Sai ta miƙa hagu ta ɗauka. Gwaggo ta ɗauka bayanta. Da aka zo da ƙoƙo ma haka, Mama ta fara, Gwaggo ta biyo. Ni da faranti ya iso kaina sai da dattijo ya taɓa ni, don ba na ganin komai.

Bayan an tashi mata suka yanyame Mama a ƙofar coci, ana ta sannu da barka, wasu na cewa Allah zai ƙarasa aikinsa, hannun ma zai tashi. Ta amsa da amin. Gwaggo na can gefe ita kaɗai tana gyara takalmi, ba wanda ya je wurinta. Mama ta ratsa su ta je ta kamo ta da hagu, ta jawo ta tsakiyar taron.

"Ku dube ta da kyau," ta ce, yadda na bakin ƙofar waje ma zai ji. "Ba ta yi komai ba. Ni ta jira."

Na ga wasu sun sunkuyar da kai. Na jira in ji abin da Gwaggo za ta ce, don ban taɓa ganin an bar mata fili irin wannan ta ƙyale ba. Sai ta ja farin ɗankwalinta ta rufe fuska, ta kifa kai a kafaɗar Mama, ta dama, tana kuka kamar ƙaramar yarinya.